Fatsa a Ƙasar Gumel

Ƙasar Gumel, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ƙasa ce ta rairayi a arewacin Jihar Jigawa. Ba ta da kogi mai gudu rani da damina. Babban ruwan da ke kusa da ita shi ne Kogin Haɗeja, can wajen kudu. Saboda haka kifi abu ne mai daraja ga mutanenta.

Amma in damina ta yi albarka tafkuna su kan cika, mai fatsa kuwa ya fita neman rabonsa. Kayan aikinsa ba su da yawa: doguwar sanda, da zare, da ƙugiya, da guntun karan dawa wanda ke yawo bisa ruwa. Ya kan soke tana a ƙugiya, ya jefa, ya zauna shiru a bakin tafki. In karan ya motsa kaɗan ba ya garaje, gama kifi ɗanɗanawa yake yi. Sai ya ga karan ya nutse, sa'an nan ya fizga.

Wata rana ya kama tarwaɗa, wata rana gaiwa. Ita gaiwa abin al'ajabi ce. In tafki ya ƙafe sai ta shige cikin laka ta kwanta, tana shaƙar iska ta 'yar kafa, har damina ta komo.

Ba a nan kaɗai ake fatsa ba. A kudancin Ingila akwai rafuka, irin su Test, waɗanda ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin duwatsun alli. Ruwansu garai-garai yake, har kifi ya kan hango mutum ya gudu. Masu fatsa a can su kan ɗaura gashin tsuntsu a ƙugiya ya yi kama da ƙwaro. Da yawansu in sun kama kifi sai su sake shi.

Amfanin fatsa shi ne ɗai-ɗai take kamawa, ba ta ɓata ruwa. Wanda ya zuba guba a tafki kuwa ya kashe kifi manya da ƙanana, ya kuma cuci shanu da awakin da ke sha a wurin. Yaro mai hankali ba ya tafiya fatsa shi kaɗai, ba ya kuma shiga cikin ruwan, don gudun nutsewa da cutar tsargiya. In ya kama ɗan ƙaramin kifi ya kan mai da shi ya girma. Mahaƙurci mawadaci ne.