ANGON DA KOGIN KWARA YA RIƘE

'Yan uwana 'yammata, musamman ɗalibai masu yawan tambayata inda nake samo labaran da nake rubutawa. Yau ba ƙagaggen labari na zo muku da shi ba, abin da ya same ni ne ni kaina, kuma na daɗe ina jin nauyin faɗarsa.

Wanda yake nemana da aure soja ne. A ƙarshen shekarar 2023 aka ce za a tura su Borno, ai kuwa Umma ta ce sam, ba za ta zuba ido 'yarta ta zama bazawara tun lalle bai goge a ƙafarta ba. Ni kuma don rashin wayo sai na huce haushina a kansa, sati biyu cur yana kira ina kallon wayar har ta katse. Ina ɗaki ina kuka sai ga kakata Iya ta ɗaga labule. Ta ce, "Ke kishiya, tashi ki share wannan majinar. Ranar Litinin za ki raka ni garinmu."

Litinin ɗin ta kama 15 ga Janairu, 2024. Da asubar fari muka bar Dutse, hunturu na kaɗawa kamar zai tsaga fata. Muka bi ta Kiyawa, muka wuce Jahun, muka nausa ƙasar Miga har inda mota ta ce ta gaji. Daga nan sai kwalekwale, domin garin su Iya ɗan ƙauyen masunta ne a tsallaken kogin Haɗeja.

Wallahi da na ga jirgin nan sai da hantar cikina ta kaɗa, don ban manta da ambaliyar 2022 ba, da rayukan da ruwa ya ci a Jigawa. Iya kuwa ta tattare zane ta shige abinta kamar yarinya. Na runtse ido na bi ta, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Saurayin da ke tuƙa mu yana ta dariya, ya ce, "Hajiya kwantar da hankalinki, yanzu ai rani ne." Yana kaɗa filafili yana ba ni labari, wai tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ruwan ya sake hali, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyi, kifi ya ja baya. Muka wuce wani mutum kwance rub da ciki a kan ƙaton gora yana duba komarsa, ga belbela fari fat a bakin gaɓa.

Muna tsakiyar ruwa Iya ta tsoma hannunta a ciki, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Kafin kakanku akwai wani."

Na ce, "Iya, wani wa?"

Ta ce, "Wanda aka sa mana rana da shi. Ɗan Sarkin Ruwa ne. Duk yankin nan ba wanda ya kai shi iyo."

Shekarata ashirin da biyar a duniya, na rubuta littattafai uku a kan soyayya, amma ban taɓa tunanin tsohuwar nan mai goro a baki ta taɓa son wani har ya hana ta barci ba. Ta ce da damunar 1967 yaƙin basasa ya ɓarke, aka yi shela ana neman samari, shi da abokinsa suka ba da sunansu. Lokacin tana da shekara 16, an sa bikinsu bayan kaka. Ranar da zai tafi ya zo ƙofar gidansu ya aika a kira ta har sau uku, ita kuma fushi da kunya suka hana ta fitowa. Ya ba ƙanwarta ƙullin bandar tarwaɗa ya ce a ba ta, ya juya.

Muka iso gari hantsi ya dubi ludayi. Ko'ina ƙamshin banda, mata na ta fama da hayaƙi, ga taru an shanya a kan danga. A gindin wata tsamiya kusa da masallaci an shimfiɗa tabarmi, malamai da almajirai sun raba izu ana sauka. Mata muka zauna daga baya. Can sai ga wani dogon tsoho yana dogara sanda, ya sa wata koɗaɗɗiyar rigar kaki a kan jamfarsa, da lambobi biyu a ƙirji. Shi ne abokin, kowa Baba Soja yake ce masa. Ya dubi Iya ya ce, "Kin zo?" Ta ce, "Na zo. Ga jikata, ita ma soja take so." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

'Yan uwa, wataƙila kun sha gani a talabijin, duk 15 ga Janairu ana ajiye furanni a Abuja da manyan biranen jihohi, a saki fararen tattabaru, ana cewa ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Dalilin zaɓen ranar shi ne a irinta ce a 1970 Philip Effiong ya miƙa wuyan Biyafara ga Janar Yakubu Gowon a Legas, bayan wata 30 ana gwabzawa. A ƙauyen nan babu fure babu badujala. Baba Soja ne ya saba duk shekara ya sayar da kifi ya sayi gero, a yi gumba da ƙosai a raba sadaka.

Da aka shafa fatiha sai ya miƙe tsaye ƙyam, ya kira sunayen mutum bakwai 'yan garin da suka tafi ba su dawo ba. Biyu tun yaƙin Bama ne, zamanin yaƙin duniya na biyu, huɗu na yaƙin basasa, na ƙarshen kuwa yaro ne da ya rasu a Borno. Duk sunan da ya kira sai jama'a su amsa, "Allah ya jiƙansa." Da ya zo kan na biyar na ji Iya ta damƙe hannuna.

Bayan an watse na matsa kusa da shi, na ce, "Baba, yaya aka yi?" Ya yi shiru har na zaci bai ji ba. Sannan ya ce bayan ɗan horon da bai taka kara ya karya ba aka kai su runduna ta biyu, ta Murtala Muhammed. A watan Oktoba 1967 suka isa Asaba, suka tarar an karya gadar Kwara, aka ce sai dai a haye zuwa Onica ta ruwa. Sau uku ana gwadawa ba a dace ba. Ya ce, "'Yar nan, yawancin yaran da ke jirginmu ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba. Da wuta ta same mu a tsakiya, abokina ya fitar da mutum biyu a kan idona. Ya koma ɗauko na uku. Har yau ina jiran ya ɗago."

Ya share ido da hularsa, ya ce shi in yana addu'a ba ya ware kowa, har fararen hular da aka kashe a Asaba a wannan watan, da yaran da yunwa ta cinye a can ɓangaren. Ya ce, "Kowa ɗan wata ne."

Iya ta jira har aka gama yaƙi, duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai gabanta ya faɗi. Sai da Baba Soja ya dawo da bakinsa ya faɗa, sannan ta yarda aka ɗaura mata aure da kakanmu a 1971. Ta zauna da shi lafiya har Allah ya karɓi abinsa, kuma ba ta taɓa ɓoye masa zuwa wannan sadaka ba.

A hanyar komowa, rana ta yi ja a kan ruwa, na ce, "Iya, to ni yanzu in fasa ke nan?"

Ta harare ni. "Ni na ce ki fasa? Kakanku a kan gadonsa ya mutu, wancan a ruwa, duk wa'adi ne. Uwarki ma tana da gaskiyarta, zaman jiran soja ba wasan yara ba ne, ki yi istihara ki bi ta a hankali. Ni abu ɗaya ke cina shekara hamsin da shida. Sau uku ya aiko, ban fito ba."

Muna isa Jahun na ga waya ta kawo, na kira shi hannuna na rawa. Ya ɗauka tun kafin ta yi ƙara ta biyu. Na kasa cewa komai sai, "Ka yafe min." Jibin ranar suka tashi.

Har yanzu maganar tana hannun manya, Umma ta ɗan sassauto amma ba ta ce e ba, ni kuma ba zan tsallake maganarta ba. Ku taya ni da addu'a Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, ya dawo da su lafiya. Ke kuma ƙanwata mai kaka a gida, yau in kin dawo daga makaranta ki saya mata goro ki zauna kusa da ita.

Taku har kullum, daga Dutse.