Mai ƙirga na bakin ƙofa

A C, harshen da ake rubuta manhajar kwamfuta da shi, akwai wani ɗan aiki mai suna strspn. Ka ba shi rubutu, ka ba shi jerin haruffan da ka yarda da su. Sai ya kama daga farko yana ƙirgawa. Da ya ci karo da harafin da ba ya cikin jerin, shi ke nan, ya tsaya. Ya miƙo maka lamba ɗaya, ya ja bakinsa.

Ka ce lambobi kaɗai ka yarda da su, sannan ka ba shi "500 naira". Zai ce 3. Ka rubuta "N500", zai ce sifili. Ɗari biyar ɗin na nan a gabansa, bai ko leƙa ba. Irin mai gadin nan ne da in ya ga baƙuwar fuska a layi sai ya garƙame ƙofa, kowa na baya ya kwana a waje, ko da ɗan gida ne.

Sunan ma kamar an tsotse shi, babu wasali ko ɗaya. Dennis Ritchie ya ƙirƙiro C a Bell Labs da ke Amurka wajen 1972. Da aka tsara wa harshen ƙa'ida a 1989, haruffa shida na farko kaɗai aka tabbatar kowace na'ura za ta bambance a irin waɗannan sunaye. Ƙirga na strspn ka gani. Yana da ƙane, strcspn, mai aiki a juye: shi yana ƙirgawa ne har sai ya tarar da harafin da ke cikin jerin.

Ba ya jin hannunka-mai-sanda. Wani zai rubuta masa "0-9" yana nufin daga sifili zuwa tara. Shi abu uku ya gani: sifili, karan ɗori, tara. Ka ba shi "123", ya ce sifili, ko a jikinsa.

Ba ya kuma faɗin dalilin tsayawarsa. Masu rubuta manhaja kan gwada amsarsa da tsawon rubutun. In sun zo ɗaya, sai su ce duk lambobi ne. To, wanda bai rubuta komai ba fa? Tsawo sifili, amsa sifili. Ya wuce lafiya lau.

Kai da ke rubutu da boko, ga naka rabon. Ba haruffa yake ƙirgawa ba, bayit yake ƙirgawa, wato 'yan ƙwayoyin da kwamfuta ke ajiye rubutu da su. A tsarin UTF-8, wanda akasarin shafukan intanet ke amfani da shi, a da b da k bayit ɗai-ɗai ne. Masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, bibbiyu ne. Don haka "ƙasa" haruffa huɗu ce a idonka, biyar a wurinsa.

Kuma ɗ da ɓ bayit ɗinsu na farko ɗaya ne, C9. A na biyu suka rabu: ɗ na da 97, ɓ na da 93. Sa ɗ cikin jerin, ka hana ɓ, sannan ka ba shi kalmar "ɓarawo". Zai karɓi C9, ya tsaya a 93, ya ce maka 1. Rabin harafi ya riga ya shiga gida.