Kunnen Da Na Gada A Bakin Rijiya

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, mai haƙar rijiya ne a Tsafe. Tun ina ɗan shekara tara nake zama a bakin rami ina jan guga cike da ƙasa, shi kuwa yana can ciki da dagi a hannu. Wani lokaci sai in ji aiki ya tsaya cak. In na leƙa, sai in ga ya buga dagi sau ɗaya a gindin ramin, ya karkata kai yana saurare. Idan ƙarar ta fito da kaifi kamar an bugi ƙarfe, ya san ya iso kan fa marar tsaga, sai a cike ramin a nemi wani wuri. Idan ta fito a dushe, sai ya ce a ci gaba, ruwa na kusa. Bai taɓa shiga aji ba, amma ba kasafai kunnensa ke yaudararsa ba.

Da na shiga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, fiziks na karanta. A lokacin sunan Farfesa Deborah Ajakaiye ya cika sashen, ita ce macen da ta kai matsayin farfesa a 1980, ta kuma yi fice wajen gano abin da ke ƙarƙashin ƙasar Nijeriya ta hanyar auna ƙarfin jan ƙasa. Ayyukanta suka sa na fahimci cewa ana iya sanin abin da ke binne ba tare da an haƙa ba. Daga nan na karkata zuwa nazarin girgizar ƙasa. Ranar da na shaida wa Baba, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce: "Ƙasar nan tamu ka taɓa jin ta girgiza? To, mi za ka yi wa mutanen Tsafe da wannan karatu?" Na sunkuyar da kai, domin ba ni da amsa. Na shekara talatin da ɗoriya ina koyarwa ina bincike, tambayar nan ba ta rabu da ni ba.

Aikinmu ya yi kama da abin da uwayenmu ke yi a kasuwa: ba sa sayen tukunya sai sun ƙwanƙwasa sun ji ko tana da tsaga. Daga doron ƙasa zuwa tsakiyar duniya kilomita 6,371 ne, alhali rami mafi zurfi da ɗan Adam ya taɓa haƙawa, wanda ke Kola a ƙasar Rasha, ya tsaya a kilomita 12 da 'yan kai. Saboda haka mu ma sai dai mu saurara. Duk sanda ƙasa ta girgiza a wani yanki, igiyoyin girgizar suna ratsa cikin duniya, na'urori su kama su a nesa. Igiyoyin iri biyu ne: ɗaya tana ratsa daskararren abu da narkakke, ɗayar kuwa ba ta iya wuce abu mai ruwa-ruwa.

Da wannan bambanci aka leƙa cikin duniya. A 1906 Richard Oldham na Ingila ya nuna cewa duniya tana da ƙwaya a tsakiya, kamar gwaiduwa a cikin ƙwai. A 1909 Andrija Mohorovicic ya gano iyakar ɓawon ƙasa. Daga baya aka tabbatar cewa ƙwayar tana farawa ne a zurfin kimanin kilomita 2,900, kuma gefenta na waje narkakken ƙarfe ne, tunda igiya ta biyu ba ta ratsa shi. A 1936 wata masaniya 'yar ƙasar Danmak, Inge Lehmann, ta lura da wasu raunanan igiyoyi da suka bayyana inda bai kamata a gan su ba, ta haka ta gano wata ƙwayar a cikin ƙwayar. Babu ɗayansu da ya ga abin da ido. Duk lokacin da na koyar da wannan darasi, Baba nake tunawa a gindin rijiya.

Zancen cewa ƙasarmu ba ta girgiza ma yana buƙatar gyara. Gaskiya ne muna nesa da bakin manyan faifan ƙasa, inda ake samun bala'i irin na Turkiyya da Siriya na Fabrairun 2023, wanda ya ci rayuka sama da 50,000. Amma ƙasa ta motsa a Kwoi ta Jihar Kaduna a Satumban 2016, ta kuma motsa a Mpape da ke Abuja a Satumban 2018, mutane suka fice daga gidajensu a firgice. Akwai cibiya a Toro ta Jihar Bauchi da ke sa ido a kan irin wannan motsi. Sai dai ba wannan ce amsar da Baba yake nema ba, na kuma sani.

Amsar ta zo mini ne a unguwarmu. Jama'a suka yi karo-karo, har da zawarawa masu sayar da ƙuli-ƙuli, aka kira wani kamfani ya haƙa rijiyar burtsatse. Aka haƙa sau biyu, ƙura kawai ta fito, kuɗi suka ƙare. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tsafe da Gusau da Bunguɗu suna zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, irin wanda ya fito fili a Kwatarkwashi, wanda shekarunsa suka haura miliyan 500. A irin wannan wuri ruwa ba ya shimfiɗe ko'ina. Yana taruwa ne a cikin tsagogi da inda dutsen ya ruɓe. Wanda ya haƙa ba awo, caca ya yi da kuɗin talakawa.

Da na zo hutu, na taho da ɗalibai biyu da kayan aiki. Muka jera ƙananan na'urori a ƙasa, muka riƙa dukan farantin ƙarfe da guduma. Girgiza tana gudun kusan kilomita 6 a daƙiƙa a cikin dutse mai ƙwari, amma tana yin sanyi sosai a inda ya ruɓe. Muka haɗa da awon lantarki, muka nuna wani wuri bayan masallaci. Aka sake karo-karo, gabana na faɗuwa, domin awo ma yakan kuskure. Ruwa ya fito. Baba ya riga ya rasu da shekara huɗu.

Haƙa ba sani ta yi mana ɓarnar da ta fi asarar kuɗi. Zinaren Anka da Maru yana bin tsofaffin tsagogin dutse ne, kuma a wasu wurare yana haɗe da dalma. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa dutsen a tsakar gida ba tare da an san abin da ke cikinsa ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Yau ga matsalar tsaro ta hana mu kai ɗalibai daji su yi awo, alhali samari na ci gaba da shiga ramuka ba tare da kowa ya auna musu komai ba.

Roƙona ga hukumomi shi ne kada a ƙara biyan kuɗin burtsatse sai an ga takardar awon wurin. Ku kuma ɗalibanmu, musamman na Jami'ar Tarayya da ke Gusau, wanda Allah Ya ba kan lissafi kada ya guji wannan fanni don ana cewa ba ya kawo kuɗi. Baƙi suna zuwa su auna ƙasarmu su tafi da sakamakon, mu da muke kwana a kanta ba mu san abin da ke ƙarƙashin tabarmarmu ba.

Dagin Baba yana nan a ɗakina, jingine kusa da na'urar awo. Ɗalibai sukan tambaye ni amfaninsa, ni kuma in ce su zauna in ba su labari.