Kafin ka karɓi mabuɗin ɗakin haya

A ƙarshen watan Satumban da ya wuce ɗan ƙanwata ya shigo gidana da takardar tura shi aiki a hannu, bakinsa har kunne. Ya gama makarantar horon malamai, an tura shi Tasawa. Ko zama bai yi ba ya ce, "Kawu, har ɗaki na samu. Abokina ya turo mini hotonsa ta WhatsApp, gobe zan aika da kuɗin wata uku." Na ce masa ya zauna ya sha ruwa tukuna. Murnarsa ta tuna mini da tawa, shekara ashirin da wani abu ke nan, da kuma abin da ya biyo bayanta.

Ni ma daga makarantar horon malamai na fito, aka tura ni wani gari a jihar Damagaram inda ban san kowa ba. An koya mana shirya darasi da riƙe aji mai yara tamanin, amma babu wanda ya taɓa ce mana uffan a kan haya. Na samu ɗaki guda mai rufin kwano, jika 6 a wata. Mahaifina ya sayar da ragonsa ya ba ni kuɗin wata huɗu. Na miƙa wa mai gidan a zaure, daga ni sai shi. Dattijo ne sa'ar mahaifina. Ya ƙirga, ya zura a aljihu, ya ce, "Mushe, ai yanzu mun zama ɗaya." Raina ya so in ce a rubuta, bakina ya kasa. Ta ina yaro ɗan shekara ashirin da biyu zai fara ce wa mai furfura ya sa hannu a takarda?

Watan Janairu na kamawa ya aiko ɗansa karɓar kuɗi. Na ce ai na biya har ƙarshen watan. Ya ce wata uku na biya. Har yau ban ce dattijon nan ya cuce ni da gangan ba, mai yiwuwa mantuwa ce, don mu biyar ne ƴan haya a gidan kuma a ka yake riƙe lissafi. Amma ba ni da shaida, albashi kuma bai zo ba. Na ci bashin jika 6 a wurin daraktanmu, na biya abin da na riga na biya. Ruwan farko na watan Yuni kuma ya same ni a lakol. Da na dawo na tarar da littattafan shirin darasi na shekara guda suna iyo a kan tabarma. Ɗakin da na gani a Oktoba tsaf da shi, ashe rufinsa rariya ne.

Wannan ya sa na ce wa ɗan ƙanwata kada ya aika da ko dala. Ranar Asabar muka shiga mota muka tafi tare, don gani ya kori ji.

Hoto ba ya nuna yoyo. Wanda zai kama ɗaki a farkon shekarar karatu yana ganinsa ne bayan damina ta wuce, kafin zafi ya zo, wato lokacin da kowane ɗaki yake da kyau. Sai ka rufe ƙofa da taga da rana tsaka, ka ɗaga kai: duk inda haske ya ratso kwano, nan ruwa zai bi. Ka dubi bango daga ƙasa, in akwai layin danshi ko fentin ya kumbura, ruwa ya taɓa kwanciya a wurin. Ka fita ka ga ko daɓen ɗakin ya fi tsakar gida tudu, kuma ina indararo yake zubarwa. Wanda ya ga daminar 2024 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ita ce ta rushe tsohon masallacin ƙasa na Birnin Damagaram, ta sa aka ɗage komawa makaranta har zuwa ƙarshen Oktoba. Ka tuna kuma da Afrilu da Mayu: ɗakin kwano marar silin, mai taga guda, tanda ne. Sa'annan ka shiga makewayi da kanka, ka tambayi mutum nawa ke amfani da shi, kuma wa ke biya in ramin ya cika. Duk wannan kada ka tambayi dillali, shi kamashonsa yake jira. Ka tambayi matar da ke wanke-wanke a tsakar gidan, ko mai shayin bakin titi.

Rigimar gidan haya mafi yawa a kan wuta da ruwa take tasowa. Gida guda, mita guda, ƴan haya shida. Kai kana da ƙwan lantarki ɗaya da fanka, maƙwabcinka yana da firiji yana sayar da ƙanƙara, takardar NIGELEC ta zo a ce a raba daidai. Tun kafin ka shiga ka san yadda ake rabawa, ka nemi a nuna maka takardar watan da ya wuce, ka tabbata babu tsohon bashi da za ka gada. In babu famfo a gidan, ka tambayi nawa ƴan garuwa ke kawo jarka, ka ninka da kwana 30, ka ɗora a kan kuɗin haya. A Damagaram, inda ƙarancin ruwa ba baƙon abu ba ne, wannan lissafin kan mai da ɗaki mai araha ya zama mai tsada.

Sai maganar da ta fi yi wa yaranmu nauyi, wato takarda. Mun tarbiyyantar da su a kan kunyar manya, kuma hakan daidai ne. Amma ba mu koya musu yadda ake neman shaida cikin ladabi ba. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana, saboda haka babu dattijon kirki da zai ɗauki wannan a matsayin raini. Littafin rubutu ɗaya na ƴan lakol ya isa. A shafin farko a rubuta kuɗin wata, ranar biya, abin da aka bayar a gaba, kuɗin ajiya in akwai da sharaɗin mayar da shi, wanda zai gyara rufi in ya yi yoyo, da kwanakin da za a ba juna kafin tashi. Duk wata in ka biya, wanda ya karɓa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. In ta waya ka aika, kada ka goge saƙon. Ranar shiga kuma ka ɗauki hoton duk wata tsaga da ke bango, ka canza kwaɗon ƙofa, don ba ka san hannu nawa tsohon mabuɗi ya bi ba.

A kan kuɗi, abin da nake gaya wa ƙananan malamai shi ne kada haya da wuta da ruwa su wuce kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ke shigo musu. Malamin kwantaragi ya san ƙarshen wata ba kullum yake zuwa a ƙarshen wata ba. Gara ɗaki guda da za ka iya biya ko albashi ya yi jinkiri, da ciki da falo da zai sa ka riƙa laɓewa in ka ji sallamar mai gida. Albashin farko kada ya tafi ga talabijin da labule. Katifa, gidan sauro, tukunya biyu, bokiti, buta da fitila sun isa a fara. Takardun shaidar karatu a sa su a leda cikin akwatin ƙarfe, a ɗora a kan bulo. Akwai kuma abu guda da ya shafi rai: in hunturu ya shigo, kada a kwana da garwashin gawayi a ɗaki a rufe. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take kashe shi. Mai tukunyar gas kuma ya rufe kanta duk dare.

Ba bango huɗu kaɗai ake haya ba, har da mutanen da ke kewaye da su. Ranar da ka sauka ka bi ɗaki-ɗaki ka gaisa, ka sa wani babba ya kai ka wurin mai unguwa. Ranar da zazzaɓi ya kayar da kai da tsakar dare, maƙwabcin nan ne zai ɗauke ka a babur, ba ƴan'uwanka da ke nesa ba. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, amma wanda ya share tsakar gida ranar da layi ya zo kansa ya rage rabin saɓanin. Malami kuwa, ko ya so ko bai so ba, iyayen ɗalibansa suna ganin wanda ke shiga ɗakinsa da lokacin da yake dawowa. In mace ce, a fi ba da ƙarfi ga gidan da ke da iyali a ciki, mai ƙofar waje da ake rufewa da dare.

Iyaye, sayen katifa da addu'a a tasha ba su wadatar ba. Wani babba ya raka yaron, ko da kuɗin mota zai ci. Maganar da yaro ba zai iya furtawa gaban dattijo ba, kai za ka faɗe ta cikin raha a wuce wurin. Mu malamai kuma, in an turo mana sabon abokin aiki, kada mu bar shi da dillali.

Ɗakin da ke cikin hoton ba mu kama shi ba. Da muka rufe ƙofa, haske ya ratso ta wuri bakwai. Mun samu wani a bayan kasuwa, ya fi ƙanƙanta, ya fi nisa da lakol kaɗan. Da na fito da littafin rubutu, na ga ɗan ƙanwata ya sunkuyar da kai. Na ce, "Alhaji, don kada mu manta ne, mu duka ƴan Adam ne." Mai gidan ya yi dariya ya ce, "Malam, da kowa haka yake yi, da na huta." Ya kira maƙwabcinsa ya zama shaida, ya sa hannu.