Abin da Gonakin Bakolori Suka Koya Mana

Karatu: Farawa 2:8-15, Ibraniyawa 13:2



A tsakiyar rani, ƙasa ta bushe ƙamas, mu matasan zumunta muka tashi daga Bakura zuwa gonakin da ke shan ruwan madatsar Bakolori. Da nauyin zuciya muka fita. Wasunmu ba sa samun barcin kirki saboda labarin 'yan bindiga, wasu kuma sun gama makaranta babu aikin yi.

Muna isa sai ga shinkafa kore shar iya ganin ido, ruwa na gudu a magudanai, balbelu na bin bayan manoma. 'Yar'uwarmu da ta yi shiru tun a mota ita ce ta fara tayar da waƙar yabo. Matsalolinmu suna nan, amma zukatanmu sun kwanta.

Wani dattijo Musulmi ya shimfiɗa mana tabarma a inuwa, ya ba mu ruwa. Ya tuna mana cewa wannan kore ba a banza ya zo ba. An kammala madatsar a kan Kogin Sakkwato a 1978, ruwa ya cinye gidaje da gonaki, kuma a 1980 manoma da yawa sun rasa rayukansu wajen neman diyya. Da za mu tafi ya ce, "'Ya'yana, ku dawo lokacin girbi." Muka ce, "Baba, in Allah ya yarda."

Mun kuwa koma har sau uku. Kyan gonar ne ya kai mu da farko, amma tabarmar Baba ce ta riƙa mai da mu.

Wannan ya sa muka binciki kanmu. Baƙi nawa suka zo zumuntarmu sau ɗaya ba su sake dawowa ba? Mun share majami'a, mun gyara waƙoƙi, amma wa ya matsa musu a benci, wa ya tambayi sunansu? Allah ya sa Adamu a gona domin ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Zumuntar nan ita ce gonar da aka damƙa mana. Ranar Lahadi mai zuwa, kowa ya nemi baƙo ɗaya ya gaishe shi kafin ya gai da abokinsa.

Addu'a: Ya Ubangiji, ka ba ƙasarmu salama domin manoma su yi noma ba fargaba. Ka mai da mu inuwa ga gajiyayyu. Cikin sunan Yesu, Amin.