Kafin a toshe yoyon sola, ki shinshina gam ɗin

Uwargida, da damina ta matso sai maganar yoyo ta taso a kowane gida. A Zakirai da ƙauyukan Gabasawa, gidajen da suka sa sola sun ƙaru a 'yan shekarun nan, domin wutar lantarki ba ta zama, ga cajin waya, ga fitila, ga fanka saboda yaran da zafi ke hana barci. Ita kuwa sola a kan kwano take, dole wayarta ta bi ta wani rami kafin ta shigo ɗaki, kuma ta nan ruwa ke samun hanya. Sai maigida ya turo mai gyara, ya zo da gam ɗin silikon a doguwar roba mai tsinin baki, ya matse ramin, ya kama gabansa. Yawanci ke ce a gida a lokacin, shi ya sa nake magana da ke.

Silikon ba iri ɗaya ba ne, ko da kalarsa ta zo ɗaya. Wanda ya fi yawa a shaguna kuma ya fi araha, don gilashi da tayil ɗin banɗaki aka yi shi. Yayin da yake bushewa yana fitar da asid, irin wanda ke cikin ruwan khal. Shi ya sa da an buɗe shi warinsa ke bugun hanci, wani lokaci har ido ya kawo ruwa. Gilashi babu ruwansa da wannan asid. Amma jan ƙarfen da ke cikin wayar wuta, cinsa yake yi a hankali, ya bar shi kore-kore. Ko kwanon rufin ma bai bari ba, yana janyo masa tsatsa daidai inda aka shafa.

Abin haushin shi ne ba a ganin ɓarnar a ranar. Yoyo ya tsaya, kowa ya yaba aiki. Sai bayan watanni ki ga fitila tana ƙyaftawa, caji yana yankewa, a ce batir ne ya tsufa. Mahaɗar waya da ta ci tana ɗaukar zafi, zafin kuma yana iya narkar da robar da ta lulluɓe ta. A ɗakin da ke da silin, da labule, da katifa, da gidan sauron da yara ke kwance a ciki, ba sai na ƙarasa miki ba.

Aikina jinya ne, kuma ta wannan ƙofar na shigo maganar. A asibitin karkara, sola ce ke riƙe firjin alluran rigakafi, waɗanda dole su zauna tsakanin digiri 2 da 8, ita ce kuma fitilar ɗakin haihuwa. A wani asibiti da na taɓa aiki, fitilun sun fara ɗaukewa da dare ba dalili. Da aka buɗe akwatin da wayoyi ke haɗuwa, sai ga shi an cika shi da silikon taf, wayoyin duk sun yi kore, wasu da an taɓa sai su karye. Wanda ya yi aikin ruwa yake gudu, niyyarsa mai kyau ce. Mu dai da fitilar waya muka yi ta karɓar haihuwa har aka sake wayoyin.

To, wanne za a saya? Ki sa a duba jikin robar. Idan an rubuta "acetoxy" ko "acetic", na gilashi ne, kada ya kusanci waya. Wanda ake nema shi ne mai rubutun "neutral cure". Shi ma kashi biyu ne. Mai "oxime" ya isa toshe rami a kwano ko bango. Amma inda gam zai taɓa tsirarar waya, ko a cikin na'ura kamar rediyo da fitilar caji, mai "alkoxy" ya fi, don tururinsa ba ya cin jan ƙarfe. Idan babu a kusa, a sallahu wa mai shiga Kano ya nemo a kasuwar Sabon Gari. Ya ɗara ɗayan kuɗi, amma ki auna da kuɗin inbata. A duba kwanan wata kuma, domin wanda ya wuce lokacinsa yakan ƙi bushewa.

Idan rubutun ya goge, ko babu mai karantawa, hancinki ya wadatar. Wadda ke gane miyar da ta fara tsami tun daga bakin ƙofa, wannan ba zai gagare ta ba. Jan gam ɗin da kanikawa ke liƙa injin mota da shi ma a shinshina, da yawansa warin nan gare shi.

Ko na ƙwarai aka samu, akwai abin da ba aikinsa ba ne. Bakin ramin kwano kaifi gare shi, yana yanka robar waya, don haka a fara zura wayar cikin ɗan bututun roba kafin a toshe gefensa. Mahaɗar da ta saki a ɗaure ta tukuna, gam ba ya gyara ta. Kada a toshe kafofin iska na inbata, balle akwatin batir, domin batir mai ruwa yana fitar da iskar da ke kama wuta idan yana caji. A kashe wuta kafin a shafa, a ba shi aƙalla awa 24. Da danshin iska yake bushewa, saboda haka lokacin hunturu ya fi jinkiri. Ki buɗe taga, ki fitar da jariri da duk yaron da ke fama da asma, ragowar gam ɗin kuma a ɗora inda hannun yara ba ya kai.

Na san ba kowane mai gyara ke son mace ta sa masa baki a aiki ba. Wani zai ce miki, "Hajiya, ai duk ɗaya ne." Ba sai kin ja da shi ba. Ki ce, "Malam, don Allah buɗe ka ji warinsa." Idan na ruwan khal ne, ki ce ya dakata sai maigida ya dawo, ki tara bokiti a ƙarƙashin yoyon na kwana biyu kafin a kawo wanda ya dace.