Ƙugiyar da Ta Ɓace

Wata uku da dawowata daga bautar ƙasa, ina zaman jiran aiki, Yayata ta kira ni ɗakinta ta ajiye mini leda cike da ƙuli-ƙuli. "Ƙanina," ta ce, "tunda ka iya kwamfuta, ka yi mini tambarin da zan riƙa liƙawa a jiki. Na gaji da kayana suna shiga kanti ba suna." Adashinta ta kwasa domin wannan aiki, ta ce a buga guda dubu biyu.

Na karɓi aikin da zumuɗi, domin tun ina jami'a nake sha'awar zubin haruffa. Na san cewa harafi yana magana tun kafin a karanta shi. Na san labarin Helvetica, zubin da Max Miedinger ya zana a Suwizalan a 1957, wanda kamfanoni da dama suka yi ado da shi. Na kuma san cewa manyan kamfanoni sun fara gajiya da aron riga. A 2017 IBM ta saki Helvetica ta fito da nata zubin mai suna Plex. A 2018 Netflix ta sa ɗakin zane na Dalton Maag da ke Landan ya ƙera mata Netflix Sans, ita ma Airbnb ta samu Cereal daga wannan ɗaki a shekarar. Dalilansu biyu ne: su huta da biyan kuɗin lasisi, kuma a gane su ko da an rufe sunansu, kamar yadda uwa take gane tafiyar ɗanta cikin duhu.

Na ce Yaya ma ta cancanci haka. Na zaɓo wani zubi mai kauri, mai zagayayyun gefuna, wanda kallonsa kawai yake tuna wa mutum abin taunawa. Na rubuta sunan kayan, na ƙara taken da ita ta zaɓa: ɗanɗano, ba ƙarya.

A maɗaba'a aka buga gwaji aka miƙo mini. Duk inda ƙ da ɗ suke, wani ɗan akwati ne fanko a zaune. A kwamfutata ban lura ba, domin manhajar ta aro haruffan daga wani zubi dabam ta cike gurbin a ɓoye. Wanda ya zana zubin da na zaɓa bai taɓa tanadar mana wuri ba. Mai maɗaba'ar ya dube ni ya ce, "Malam, cire ƙugiyar kawai. Kowa haka yake yi, kuma za a gane."

Na tsaya ina duban takardar. In na cire ƙugiya, ƙarya ta koma karya, kuma ba na son a ambaci karya a jikin abincin Yayata. Haka baƙi yake komawa baki, ƙafa ta koma kafa, ƙasa ta koma kasa. Gaskiyarsa ce, mai karatu zai gane daga yanayin jimla. Amma tambarin kaya ba shi da jimla mai tsawo da zai jingina a kanta. Kalmomi uku ne ko huɗu, kuma su ne fuskar mai kayan.

Na roƙi kwana uku. A daren farko na yi bincike, na tarar ba ni na fara tuntuɓe a nan ba. Haruffa masu ƙugiya sun zauna a rubutun boko ne a shekarun 1930, zamanin da Rupert East yake jagorantar hukumar talifi a Zariya, gabanin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. A shekarun 1980 an nemi zubi guda da zai ɗauki harsunan Nijeriya, har Hermann Zapf, Bajamushen da ya zana Palatino, ya sa hannu a aikin. A zamaninmu Google ta fitar da Noto domin kawar da irin akwatin da na gani, ƙungiyar SIL kuma ta yi Charis da Andika da ke ɗauke da haruffanmu cif, ta kuma yi Alkalami bisa salon ajamin Kano. Hanya dai a buɗe take. Abin da ya rage shi ne, yawancin zubin ado da 'yan kasuwa suke so ba su bi ta ba.

Na sake zaɓar wani zubi mai kauri wanda lasisinsa ya yarda a gyara, na buɗe shi a FontForge, na fara zana ƙ da hannuna. Da farko na ɗauka ɗan wutsiya ne za a manna wa k. Ƙugiyata ta farko ta fito siririya kamar ta mai kamun kifi, ta biyu ta yi nauyi har harafin ya zama kamar zai kife. Sai na gano cewa amsar tana cikin zubin kansa: lanƙwasar kan f ita ce ma'aunin, kaurinta da inda take karyewa. Na bi ta, na rage tsawonta don kada ta taɓa harafin da ke biye, na gyara tazara. Daga nan ɗ ta zo da sauƙi. Babbar Ƙ ce ta cinye mini dare na uku.

Da aka buga, na kai wa Yaya. Ta ɗaga takardar ta karanta a bayyane, ta furta kowace kalma daidai ba tare da ta tsaya ba. Ba ta ga ƙugiyar ba, ba ta tambayi komai a kanta ba. "Allah ya yi albarka," ta ce, ta ɗauko leda ta fara liƙawa.

Da farko na ɗan ji haushi. Daga baya na fahimci cewa aikin ya yi kyau ke nan, domin harafin da ya zauna daidai ba ya jan ido. Kamfanonin duniya suna kashe dukiya don haruffansu su yi kama da su. Mu abin da muke nema bai kai haka ba: mu rubuta sunan kayanmu yadda muke faɗarsa. Na ajiye fayil ɗin, na ƙara masa ɓ da ƴ, kuma duk mai maɗaba'ar da ya ce mini a cire ƙugiya, nakan tura masa shi kyauta.